Yadda ake daidaita mota mai ɗaki da jak idan an yada zango

Shekara shida ke nan ina tuƙa mota mai ɗaki, irin wadda ake haɗa wa gado da bandaki da murhun gas da firji a ciki, mutum ya kwana inda dare ya yi masa. A Turai da Amurka motar yawon hutu ce. A nan Katsina kuwa, 'yan ƙalilan da ake gani, ko dai wani mai hali ne ya shigo da ita ta Kwatano, ko kuma an mayar da ita asibitin tafi-da-gidanka ana zagaya ƙauyuka da ita. Duka biyun na tuƙa. Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin direba ya iso wuri, ya ja birkin hannu, ya danna maɓalli, ƙafafun jak su sauko, shi ke nan ya kama hanyar teburin mai shayi. Alhali jak shi ne na ƙarshe a wannan aiki. Ƙasar da ka zaɓa da katakon da ka shimfiɗa su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, jak cikawa kawai yake yi.

Wani zai ce don mota ta ɗan karkata me ya yi zafi? Firjin cikinta ne ya yi zafi. Yawancin waɗannan motoci suna zuwa da firji mai aiki da gas ko wuta, wanda ba shi da kwamfuresa, irin na kamfanonin Dometic, Thetford da Norcold. A bayansa akwai bututai da ruwa da sinadarin amoniya ke zagayawa. Zafi ne ke tura su sama, su kuma gangaro da kansu, babu famfon da ke taimaka musu. Idan motar ta karkata, ruwan sai ya taru wuri guda, tukunyar dumamawar ta yi zafi fiye da kima, sinadarin hana tsatsa da ke ciki ya daskare ya fara toshe bututun. Wannan toshewa ba ta warwarewa, taruwa take yi yau da gobe har firjin ya daina sanyi. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kada karkatar ta wuce digiri 3 daga gefe zuwa gefen firjin, ko digiri 6 daga gabansa zuwa bayansa. Ka lura, firjin a jikin bangon gefe ake kafa shi, don haka gefensa shi ne gaba da bayan motar. Digiri 3 kuwa kusan santimita 5 ne a kowace mita. Idan ana tafiya babu damuwa, jijjigar hanya tana motsa ruwan. A tsaye ne ake ɓarnar.

Bayan firji, ruwan wanka ba ya bin magudana, ƙofofi suna buɗe kansu, mai yana taruwa gefe guda a kasko, wanda ya kwana kansa a gangare kuma ya tashi da nauyin kai. In motar tana da ɗakin da ke zamewa waje ta gefe, turo shi a karkace yana cin haƙoransa.

Kayan da ba sa rabuwa da motar

Ma'aunin magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa, mai tsawon santimita 60. Wayar hannu ma tana yi, amma na fi yarda da na magina, don ba ya neman caji. Weji guda biyu ko huɗu na tare taya. Tocila, shebur, tsumma, da abin awo.

Sai katako, kuma a nan nake so ka kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba. Ka je wurin 'yan katako ka nemi mai ƙarfi, irin maɗaci, mai kaurin inci 2, wato santimita 5. A yanka maka huɗu masu murabba'i, santimita 40 kowane gefe, na ƙarƙashin jak. In ba a sami mai wannan faɗin ba, kafinta ya haɗa biyu-biyu a gicciye da kusa, hakan ma ya fi hana tsagewa. A ɗaura wa kowanne igiya don jawo shi ba sai ka cusa hannu ƙarƙashin mota ba. Sai dogaye na hawan taya, waɗanda suka fi tayar faɗi, tsawonsu daban-daban yadda za a jera su kamar matakala, a kuma sheme bakin kowanne.

Ga dalilin faɗin. A ce tafin ƙafar jak mai siffar da'ira ne, faɗinsa santimita 15, kuma tan 1 ya sauka a kansa. Kowane murabba'in santimita na ƙasa zai ɗauki fiye da kilo 5 da rabi. Ɗora wannan nauyin a kan katako mai 40 da 40, sai ya koma ƙasa da kilo 1, ya ragu kusan sau tara. Ƙasar Daura da Mashi da Mai'adua jigawa ce, rairayi ne a sama. Tana yi wa ido kamar ta taurare, amma ƙaramin tafi yana shiga cikinta kamar turke.

Kada ka taɓa sa bulon siminti ƙarƙashin jak. Cikinsa rami ne, ba ya gargaɗi, farfashewa yake yi lokaci guda.

Kafin ka kashe inji, sauka ka taka ƙasar

Wannan ne matakin farko. Tsaya a gefe, ka sauko ka zaga filin da ƙafarka. Kana neman wurin da ya fi lafewa, mai tauri, wanda ruwa ba ya kwanciya. Tsakuwa ko jar ƙasa da ta sha taku ta fi komai. Guji bakin fadama da gaɓar dam, ko da rani ne. Wanda ya taɓa zuwa Daberam ko Ajiwa ya san lakar da ke bushewa a sama, ƙasanta kuwa da danshi. Duba ramin gara da na ɓera. Duba sama kuma, don motar ta kai mita 3 ko fiye: reshen bedi da wayar wuta suna iya kwashe na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi. Inuwar gawo kuwa ƙaya ce a ƙasa.

In filin makaranta ne ko harabar asibiti, inda aka fi saukar da mu, tambayi mutanen wurin. Nakan je wurin mai unguwa ko mai gadi na ce, "Baba, don Allah ko akwai tsohuwar rijiya ko masai da aka cike a filin nan?" Sau biyu wannan tambaya tana sa ni sauya wuri. Ramin da aka cike shekaru goma baya ciyawa ta rufe shi, amma ba zai ɗauki tan biyar ba.

Wane ɓangare zai kalli gangare

In filin yana da gangare, to hancin motar ya kalli ƙasa. Dalili: birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa. Idan bayan motar ne a ƙasa, dole shi za ka ɗaga, kuma da zarar tayoyin baya sun rabu da ƙasa, ba abin da ke riƙe da motar sai sandunan jak, waɗanda ba a yi su don turin gefe ba. Za su lanƙwashe, motar ta zame. Idan gaba ne a ƙasa, ka ɗaga gaba, baya yana nan dafe da ƙasa da birkinsa.

Motocin da aka gina a kan Fiat Ducato, waɗanda su ne suka fi yawa cikin na Turai, ko a fili lafiyayye sukan ɗan sunkuyar da hanci. Ka san halin taka.

Wani lokaci matsawa mita ɗaya gaba ko baya tana rage rabin aikin. Sa yaron mota ya zuba wa ma'aunin ido a tsakar ɗaki kana gangarawa a hankali. Idan ya ce, "Oga, nan ya fi," tsaya nan.

Awo

Ja birkin hannu, sa giya a wurin tsayawa. In akwai tankin ruwa da za a cika, cika shi yanzu, don lita 100 kilo 100 ce, kuma tana sauya zaman motar.

Ajiye ma'aunin a daɓen motar kusa da firji, ba a kan tebur ba, don tebur yakan karkace da kansa. Auna tsawo, auna faɗi. Ƙwayar iskar kullum tana gudu zuwa ɓangaren da ya fi tudu, ɗayan kuma shi ne za a ɗaga.

Ga dabarar sanin yawan abin da za ka ɗaga. Ɗaga ƙarshen ma'aunin da ke gangare har ƙwayar ta zo tsakiya, ka auna tazarar da ke ƙarƙashinsa. A ce santimita 1 ce a tsawon 60. Idan tsakanin tayar gaba da ta baya mita 4 ne, gaban yana buƙatar kusan santimita 7. Idan ta gefe ne, tsakanin tayar hagu da ta dama wajen mita 1.8, ana buƙatar santimita 3. Yanzu ka san katako ɗaya ne ko biyu, ba sai ka yi ta gwaji ba.

Katako tukuna

Duk abin da ya kai santimita 5 zuwa sama, taya ce za ta hau katako. Jera shi a gaban tayar da ke gangare, ka hau da giya ta ɗaya, ƙafa a kan birki, yaro yana gefe inda kake ganinsa a madubi, ba a gaban mota ba. Tafin tayar duka ya zauna a kan katakon. In gefenta yana rataye, wayoyin cikinta ne ke wahala, ranar da za ta fashe kuwa kana kan hanyar Kazaure da gudu. Mota mai tagwayen taya a baya, duka biyun za su hau, kada ɗaya ta ɗauki nauyin 'yar'uwarta.

Ja birkin hannu. Sa weji gaba da bayan tayar baya da ke ƙasa. Sake awo. In abin da ya rage bai wuce santimita biyu ko uku ba, aikin jak ya zo.

Wane irin jak ne da kai

A nan mutane suke ruɗewa. Akwai ƙananan ƙafafu masu kama da almakashi da ake murɗawa da hannu a bayan mota. Waɗannan na hana rawa ne kawai. Ka murɗa su har su dafa katako su ɗan yi tauri, ka bari. In ka ce za ka ɗaga mota da su, za su lanƙwashe ko su ɓalle daga jikinta. Wanda wannan ne kaɗai da shi, katako zai yi masa dukkan daidaitawar.

Akwai kuma jak ɗin canjin taya. Ba a kwana a kansa.

Na daidaitawa na gaskiya galibi huɗu ne, a ɗaure da shasi, yawanci masu aiki da matsin mai, wasu da lantarki. Kamfanoni irin su HWH da Lippert a Amurka, da E&P a Turai, su ne sunayen da za ka fi gani a kan allon maɓallan. Su nake nufi daga nan.

Saukar da jak

Famfon yana jan wuta sosai, kuma batir mai rauni yana sa shi tsayawa a tsakiyar aiki. Yawancin motoci ana barin injinsu a kunne. Birkin hannu dole ya kasance a jaye, da yawa ma ba sa amsawa sai da shi. In babbar mota ce mai jakunkunan iska maimakon sifirin, a kan sace iskar tukuna motar ta zauna ƙasa, don jak ya sami tazarar aiki. Kowa ya fita daga ciki. A kori yara daga kusa, kuma ka san a ƙauye kafin ka kashe inji sun kewaye ka, don haka sa mutum ɗaya aikinsa ke nan.

Tura katako ƙarƙashin kowane jak, a tsakiya. In ƙasar ba ta kwanta ba, share ta da shebur, don katakon da ya zauna a karkace yana tura sandar gefe.

Sauko da na gaba biyu har su taɓa katako, ka ji motar ta ɗan motsa, ka tsaya. Sauko da na baya haka. Zaga ka gani da idonka kowanne ya zauna daidai.

Yanzu ɗagawa. Biyu-biyu ake yi: na gaba tare, na baya tare, na hagu tare, ko na dama tare. Kada ka ɗaga kusurwa ɗaya ita kaɗai. Shasin yana murɗewa, kuma alamar farko ita ce ƙofar shiga ta fara cijewa. In abin ya yi yawa, gilashin gaba na iya tsagewa ko ya fita daga robarsa, kuma gilashin irin wannan mota ba abin da za ka samu a kasuwar kayan gyara ta kusa ba ne.

Kamfanoni sun saɓa kan wanne ake farawa da shi, gaba da baya ko gefe da gefe. Bi littafin motarka. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne ɓangaren da ke ƙasa ake ɗagawa, kaɗan-kaɗan. Danna na daƙiƙa biyu, saki, bari motar ta natsu, duba ƙwayar. In ka zarce, rage wanda ka ɗaga. Kada ka je ka ƙara wa ɗaya ɓangaren don ya kamo shi, haka ake wayar gari mota ta yi sama kamar rumbu, matakalar shiga ta gagari tsofaffi, iska kuma tana kaɗa ta. Mafi ƙanƙantar tsawon da ya ba ka daidaito shi ne daidai.

Sai ka tsuguna ka duba tayoyi. Na baya dole su kasance a danne da ƙasa. Na gaba ma ban yarda su rataya ba. In har sai taya ta tashi kafin mota ta daidaita, janye jak duka, ƙara katako ƙarƙashin tayar ko ka sauya wuri. Haka nan in jak ya miƙe har ƙarshensa.

Mota mai maɓallin daidaita kai tsaye tana yin wannan duka da kanta cikin minti ɗaya ko biyu, amma ba ta ganin ƙasa. Na'urar cikinta ma takan kauce, ta ce daidai alhali ma'aunin magina yana cewa a'a. Ma'aunin nake bi, na sa a sake saita na'urar. Kuma kada kowa ya motsa a ciki tana aiki, yana ruɗa ta.

Ko da wasa kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan waɗannan jak. Tiyon mai ɗaya ya fashe, ta sauko.

Bayan ta zauna

Buɗe ƙofar bandaki rabi ka saki. In ta tsaya inda ka bar ta, ka gama. Zuba ruwa a faranti ka ajiye a daɓe, shi ma shaida ne. Ni nakan bar wajen kan gado ya ɗara da ɗan kaɗan, kamar rabin santimita a mita, barci ya fi daɗi, firji kuma bai san an yi ba. Daga nan ne za a turo ɗakin gefe, in akwai. Yawancin kamfanoni haka suka tsara, ko da yake wasu sun ce a turo shi kafin jak, don haka a nan ma littafin ne alƙali. Sai a kunna firji.

Bayan awa ɗaya sake awo, da safe ma haka. Ƙasa tana lotsawa, man da ya yi zafi kuma yana ɗan tsukewa in ya huce.

Abin da ya koya mini wannan ya faru ne a watan Agusta, a wani filin makaranta da ke arewa da Daura. Mun iso da magariba a gajiye, ƙasa a bushe, na ce katako na mene ne. Wajen ƙarfe biyun dare aka kece da ruwa. Ruwan rufin azuzuwa ashe ta nan yake bi. Kafin asuba jak ɗin baya na hagu ya nutse har wuya, motar ta kwanta gefe, ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da muka fita ta wurin direba. Ga firji yana aiki a karkace tun dare, cike da magani. Da gari ya waye, mutanen gari ne suka zo da fartanya da shebur muka tone ƙafar. Maganin mun tsirar da shi a kula da ƙanƙara, amma firjin bai ƙara yin sanyi kamar da ba, kuma sandar jak ɗin ta ɗan lanƙwashe, sai da aka yi odar wata aka jira watanni. Tun daga ranar, daga Yuni zuwa Satumba, nakan haƙa 'yar magudana a ɓangaren tudu don ruwa ya kauce wa ƙafafun, kuma in na ga hadari ya haɗo, kafin na kwanta sai na zaga da tocila.

In za a kwana da yawa wuri ɗaya, riƙa leƙa katakon. Gara ba ta jira.

Ranar tashi

Mayar da ɗakin gefe, kunna inji, janye jak duka. Fitilar allo za ta ce sun hau, amma kada ka yarda sai ka zaga ka ga huɗun da idonka. Irin waɗanda sifirin ke mayarwa sukan yi nawa a sanyin hunturu, ko su maƙale in laka ta kama tafin. Ɗan taimako da dogon katako daga gefe yana sakin su, hannunka dai ya yi nesa. In ka saki birkin hannu ka ji ƙara tana tashi, jak ne bai gama hawa ba, tsaya.

Kafin ka janye su, goge sandunan masu sheƙi da tsumma mai tsabta. Ƙurar hunturu da rairayi suna bin sandar su shiga su cinye robar da ke tare mai, daga nan yoyo ya fara. Feshin silikon ya fi giris, don giris tara ƙasa yake yi. Man famfon a mafi yawansu irin na giyar otomatik ne, kuma ana duba shi ne bayan jak duka sun koma sama. In ka ƙara mai suna ƙasa, zai yi ambaliya idan sun hau.

Cire weji, sauko daga katako a hankali, matsa gaba kaɗan. Kakkaɓe katakan, ƙirga su, ka mayar ma'ajinsu. Ramin magudanar da ka haƙa kuma ka cike shi, filin 'yan makaranta ne, gobe za su buga ƙwallo a kai.